Masu Gyaran Na'urorin da Ke Yi wa Jiragen Sama Jagora: Yadda Aikinsu Yake

Duk wanda ya buɗe manhajar Flightradar24 a wayarsa yana Araba ko cikin garin Illela, zai iya ganin jiragen da ke ratsa samaniyar yankin. A ƙasa, mota sai ta tsaya a shingen kwastan kafin ta tsallaka Birnin Ƙonni. Jirgi kuwa ba ya tsayawa: cibiyar Kano ce za ta miƙa shi ga cibiyar Yamai ta hanyar rediyo, shi ke nan ya wuce. Wannan rediyon da sauran na'urorin da jirgin ya dogara da su, akwai masu kwana suna gadin lafiyarsu. Ana kiransu ATSEP, wato ma'aikatan lantarki masu kula da na'urorin zirga-zirgar jiragen sama. A Najeriya hukumar NAMA, wadda aka kafa da dokar 1999, ita ke ɗaukarsu aiki. A Nijar kuma hukumar ASECNA ce.

Na'urori uku da ke hannunsu

Na farko, na'urorin magana. Matuƙi da jami'in hasumiya suna magana ne a zangon VHF, tsakanin megahaz 118 zuwa 137, sama kaɗan da zangon tashoshin FM.

Na biyu, na'urorin nuna hanya. VOR tana gaya wa jirgi ta wace kusurwa yake, DME tana gaya masa nisansa, ILS kuma tana jawo shi zuwa tsakiyar titin sauka a kan gangara ta kusan digiri 3. Lokacin hunturu, idan hazo ya rufe Sakkwato ko Kano har matuƙi ya kasa hango titi daga nesa, irin waɗannan na'urori ne idanunsa.

Na uku, na'urorin sa ido. Radar tana aika tambaya a megahaz 1030, na'urar cikin jirgi ta amsa a 1090 da lambarsa da tsawon da yake kai. Shirin TRACON da aka ƙaddamar a 2010 ya kafa irin waɗannan tashoshi guda tara a Najeriya, ciki har da Kano da Talata Mafara. A wannan zango na 1090 ne jiragen zamani ke shelanta inda suke da tsarin ADS-B, wanda Flightradar24 ke tattarowa ta nuna a waya.

Inda ya bambanta da gyaran waya

Mai gyaran waya yana jira ne sai ta lalace a kawo masa. A nan ba a jira. Ma'aikaci yana auna na'ura bisa jadawali tana lafiya lau, ya rubuta abin da ya gani a littafin aiki, ya sa hannu.

Kusan komai bibbiyu ne: babbar na'ura da 'yar jiran gado, wutar gari da janareta, sannan batiran UPS da ke riƙe wuta kafin janareta ya tashi. A zafin bazarar Sakkwato da ke haura digiri 40, mutuwar na'urar sanyaya ɗaki ma matsala ce babba, haka ƙurar da ke toshe fankoki.

Babban darasin shi ne: sigina na ƙarya ya fi rashin sigina haɗari. Idan ILS ta mutu, za a sanar da matuƙi ya sauya dabara ko ya nufi wani filin. Amma idan ta karkace kaɗan tana ci gaba da aiki, zai bi ta da yarda, da ɗaruruwan fasinja a bayansa. Shi ya sa kowace na da na'urar da ke sa mata ido. Da zarar ta kauce wa ma'auni, sai a koma kan ta biyu, idan ita ma ta gaza a kashe gaba ɗaya. A wannan sana'a babu "lallaɓa ta haka nan".

Yadda ake shiga

Matakin farko shi ne dagewa kan lissafi da fiziks da Turanci a sakandare, domin littattafan na'urorin da Turanci suke. Daga nan sai babbar difloma ko digiri a fannin lantarki, sadarwa ko kwamfuta. Horo na musamman kuma ana samunsa a Kwalejin Fasahar Jiragen Sama ta Zariya, NCAT, wadda aka kafa a 1964, sannan hukumar NCAA ta ba da lasisi.

Kafin nan, matashin da ke da waya zai iya fara koyon amfani da mitar awon lantarki, da Linux, da yadda adireshin IP ke aiki, domin na'urorin yau rabinsu kwamfuta ne a haɗe da juna. Ya kuma saba wa kansa rubuta duk abin da ya taɓa da abin da ya canza, don a ɗakin na'ura, aikin da ba a rubuta ba tamkar ba a yi shi ba ne.