KARE ƘASHIN BAYA WAJEN ƊAUKAR KAYA DA SUNKUYO

Tun daga shekarar 1976, sa'ad da gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta kafa dokar da ta ware yankin Abuja domin ya zama sabon babban birnin tarayya, aikin gini bai taɓa tsayawa a wannan wuri ba. An ƙaurar da mazaunin gwamnati daga Ikko a ranar 12 ga Disamba 1991, amma har yau 'yan dako suna sauke manyan motoci a kasuwar kayan gini ta Dei-Dei, masu fasa dutse suna aiki a Mpape, 'yan ga-ruwa kuma suna tura kura a Nyanya da Kubwa. Da yawa daga cikinsu 'yan ci-rani ne, ba su zo da wani jari ba sai ƙarfin jikinsu. Ranar da baya ya ƙi, ranar ce abinci ya yanke musu, ya kuma yanke wa iyalin da ke jiran saƙo a gida.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa a shekarar 2020 mutane miliyan 619 ne suka yi fama da ciwon ƙugu, kuma babu wata larura da ta kai shi hana mutane aiki a duniya. Yana kama lebura da manomi, yana kama matar aure da ke wanki, bai kuma bar akawun da ke wuni a kujera ba.

Yadda ƙashin baya yake

Gadon bayan mutum jerin ƙananan ƙasusuwa ne da aka ɗora wani bisa wani. Guda 24 daga cikinsu suna motsi: 7 a wuya, 12 a bayan ƙirji, 5 a ƙugu. A tsakaninsu akwai wani faifai na guringuntsi mai taushin ciki, wanda ke yi musu aiki irin na gammo. Laka ta bi ta tsakiyar jerin, jijiyoyi kuma suka fita daga gare ta zuwa hannuwa da ƙafafu. Ƙasusuwa biyar na ƙugu su ne ke tallafe da nauyin duk abin da ke samansu, shi ya sa a nan ne ciwon ya fi zama.

Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe ya fi kome shi ne batun nisa. Tsokokin da ke miƙe baya suna manne da ƙashin, tazararsu da shi kamar santimita 5 ce kawai. Idan mutum ya riƙe kaya mai kilo 20 a nisan santimita 50 daga ƙugunsa, watau ninki goma na waccan tazara, sai tsokokin sun ja da ƙarfin kilo 200 kafin su tsayar da shi, ban da nauyin ƙirji da kai da suka karkata gaba. Duk wannan ƙarfi a kan faifan nan yake sauka. Wani likita ɗan ƙasar Suwidin, Alf Nachemson, ya auna matsin da ke cikin faifan a jikin mutane masu rai a shekarun 1960, ya tarar yana hauhawa ƙwarai idan mutum ya sunkuya gaba da kaya a hannu. Wanda ke son ya tabbatar wa kansa, sai ya rungumi bulo guda a ƙirji, sa'an nan ya miƙa hannuwansa da shi. Bulon bai ƙara nauyi ba, amma ƙugu zai ba da labari nan take.

Nauyin da ya dace

Buhun siminti kilo 50 ne. Jarka mai lita 25 cike da ruwa kilo 25 ce, saboda haka kurar da aka jera wa jarka goma tana ɗauke da kilo 250. A shekarar 1967 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ba da shawarar kada namiji baligi ya ɗauki fiye da kilo 55 shi kaɗai, mata da matasa kuma ƙasa da haka sosai. Binciken da aka yi daga baya ya nuna wannan adadi ya yi yawa: ma'aunin da masana lafiyar ma'aikata na Amurka suka gyara a 1991 ya tsaya a kilo 23, shi ma idan kayan na kusa da jiki, akwai wurin kamawa, kuma ba a kai a kai ake ɗagawa ba. Saurayin da ke aza buhu biyu a ka domin a ce masa ƙato, ko domin ya riga 'yan'uwansa cika lissafi, yana cin bashin da zai biya da tsufansa.

Wanda zai ɗauki kaya daga ƙasa, ya fara gwada nauyinsa da ɗan turawa, ya duba hanyar da zai bi. Ya matso har kayan ya kasance tsakanin ƙafafunsa, ya buɗe su kaɗan, ya durƙusa da gwiwa da kwankwaso, ya kama da kyau, ya miƙe a hankali da ƙarfin cinya, kayan na manne da jiki. Kada ya fizga. Kada kuma ya murɗa ƙugu yana riƙe da nauyi. In zai juya, ƙafafu su juya da shi gaba ɗaya. Sunkuyo haɗe da murɗawa, irin na mai kwasar yashi da shebur yana watsawa gefe, shi ne mafi sharri.

Sai dai a faɗi gaskiya, iya ɗauka kaɗai ba ya isa. Bincike ya nuna koyar da ma'aikata salon ɗagawa ba ya rage ciwon baya da yawa matuƙar nauyin da yawan ɗagawar suna nan yadda suke, haka ma ɗamarar da wasu ke sha a ƙugu. Abin da ke aiki shi ne a rage kayan, a raba shi biyu, a yi amfani da baro ko amalanke, a huta tsakani, a nemi mataimaki. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A nan nauyi ya rataya a wuyan 'yan kwangila da shugabannin leburori, domin su ne ke da ikon sayen baro da tsara aiki.

Matan Gbagyi, waɗanda aka fi sani da Gwari, asalin mazauna wannan yanki, a kafaɗa suke ɗaukar kaya, Hausawa kuwa a ka. Ko wanne aka bi, lokacin ɗauka da lokacin saukewa ne suka fi haɗari, saboda haka al'adar nan ta neman a aza wa mutum kaya a kuma sauke masa abin riƙewa ce, ba abin kunya ba. Iyaye su kula da tiren tallar da ake ɗora wa yara, domin wuyan yaro bai gama ƙwari ba.

A cikin gida

Baya an yi shi ne domin ya lanƙwasa, sunkuyo a kan kansa ba cuta ba ne. Daɗewa a sunkuye shi ke kawo illa: shara da gajeriyar tsintsiya, wanki a ƙasa, noma da fartanya tun safe har azahar. A ɗaura wa tsintsiya sanda, a ɗora bahon wanki a kan benci ko a zauna a kujera 'yar tsugunno, a riƙa miƙewa ana ɗan takawa bayan kowane ɗan lokaci. Mai jego da mai ciki su durƙusa in za su ɗauki yaro. Akawu da direban doguwar tafiya su ma su riƙa tashi, domin dogon zama yana gajiyar da ƙugu.

Idan ciwon ya zo

Yawancin ciwon ƙugu yana sauƙi da kansa cikin 'yan makonni. A da akan ce wa mai shi ya kwanta kwana da kwanaki. Yanzu likitoci sun gano doguwar kwanciya tana jinkirta warkewa. Ya ci gaba da tafiya da ƙananan ayyuka gwargwadon iko, ya gasa wurin da ruwan ɗumi, ya ajiye ɗaukar nauyi na ɗan lokaci. Ya guji shan Tramadol domin ya iya aiki, gama tana rufe ciwon ne alhali ɓarnar na ƙaruwa, kuma tana kama mutum har ya kasa bari. Magungunan ciwon jiki da ake saye barkatai a kemis, in aka daɗe ana sha, suna iya cin ciki su taɓa ƙoda.

Akwai alamun da ba a jira da su: ƙafa ta mutu ko ta yi rauni, fitsari ko bayan gida ya tsaya ko ya riƙa zuba ba da sani ba, tsakanin cinyoyi ya daina jin taɓi, ko ciwon ya biyo bayan faɗuwa daga bisa. Haka kuma ciwon bayan da ya zo da zazzaɓi da rama da gumin dare, domin tarin fuka yakan kama ƙashin baya, kuma yana da magani in an gano shi da wuri. Mai irin waɗannan alamu kada a kai shi wurin mai ɗori ko mai ƙaho, kada a take masa baya. A garzaya da shi asibiti mafi kusa, inda za a iya tura shi Asibitin Ƙasa na Abuja, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja da ke Gwagwalada, ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Ma'aikacin da ya ji rauni a bakin aiki ya sanar da mai aikin ba tare da jinkiri ba, ya adana takardun asibiti, domin Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta ba shi haƙƙin neman diyya.