Amsoshin Tambayoyinku: Me ya sa dunƙulen wankana yake kumbura tun bai shiga ruwa ba?

Tambaya: Na ga ana haɗa wani dunƙule mai ƙamshi da ake jefawa a ruwan wanka ya yi ta tafasa. Na sayi kayan na gwada, amma tun yana cikin mazubi ya kumbura ya yo waje, wanda ya tsira kuma ya ruguje ya koma gari. Ina matsalar take? Sannan mu da bokiti muke wanka, zai yi mana amfani? Kuma zan iya sa man turaren da nake haɗa humra da shi? Daga wata mai karatu a Kaduna.

Amsa: Da alama kayanki lafiyarsu ƙalau, ruwa ne ya yi miki yawa.

Abu biyu ne ke yin aikin a cikin dunƙulen nan: bekin soda, irin ta masu yin kek, da garin tsami, wanda masu sayar da kayan haɗi ke kira sitirik asid. Muddin a bushe suke, ko wata nawa suka yi a cakuɗe ba abin da zai faru. Da ruwa ya taɓa su sai su narke su shiga juna, su saki iskar kabon dayoksaid, iskar nan dai da ke tasowa idan an buɗe lemon kwalba. Tafasar da kike so ki gani a ruwan wanka ita ce ta faru a mazubinki. Wanda ya ruguje kuma, ko dai ba ki danna shi sosai ba, ko man da kika sa a haɗin bai isa ya riƙe shi ba.

Abin ma ba daɗaɗɗe ba ne. Wata Baturiya, Mo Constantine, ce ta ƙirƙiro shi a 1989 a yankin Poole da ke kudancin Ingila, kuma tana cikin waɗanda suka kafa kamfanin Lush a 1995. Can suna ce masa bom ɗin wanka.

Kafin mu je ga awo, ki tsaya ki ji wannan da kyau. Idan kika shiga kasuwa kika ce a ba ki soda kawai, mai shago zai iya miƙo miki ta yin sabulu. Waccan tana cin fata, tana makanta ido, ba ta da gurbi a wannan haɗin ko kaɗan. Ki ce bekin soda, ki kuma duba rubutun jikin kwalin. Bekin foda ma ba ita ba ce, don an riga an haɗa ta da nata tsamin. Na san wata za ta ce to kanwa fa, tunda ita ma tana kumfa idan ta gamu da tsami? Tana yi, amma tana da yashi da datti, kuma ta fi bekin soda kaifi a fata. A bar ta a miyar kuɓewa.

Ga awon: kofi 1 na bekin soda, rabin kofi na garin tsami, rabin kofi na kwanfulawa. Ƙa'idar ita ce soda biyu, tsami ɗaya. Kwanfulawar tana rage gaggawar tafasar, tana kuma taimaka wa dunƙulen ya kama jikinsa. Ki tankaɗe su a busasshiyar roba, ba wadda aka ɗauraye yanzu ba. A wani ɗan kofi ki narka cokali 2 na man kwakwa ko man kaɗe, ya huce, sannan ki ɗiga man ƙamshinki a ciki. Ki riƙa zuba man kaɗan-kaɗan kina murzawa da hannu, da safar roba idan kina da tsaga ko ƙaramin rauni, don tsamin yana da zafi a ciwo.

Nan ne yawanci ake ɓata aikin. Ruwa ba a zuba shi, fesawa ake yi. Ki sa shi a kwalbar feshi, ki fesa sau ɗaya ko biyu ki juya da sauri. Kika ji "shuuu", kin wuce gona da iri. Ki damƙi haɗin a tafin hannunki: idan ya dunƙule ya tsaya da shatin yatsunki, kamar tsakin dambu da aka yayyafa wa ruwa, ya isa, kada ki ƙara ko ɗigo. Sai ki cika mazubi har ya yi tozo, ki danna da ƙarfinki. Kwanon kek ƙanana ko farantin ƙanƙara duk suna yi. Ki bar shi ya kwana ya yini kafin ki cire.

Yanayi ma yana da hannu. Kaduna a watan Agusta iskar kanta jiƙe take, garin tsami kuwa yana jan laima, sai ki ga dunƙulen ya yi ƙuraje ko ya yi laushi ba tare da kin yi laifin komai ba. Da damina ki rage feshin, ko ki bar man kaɗai ya haɗa shi. Hunturu ne lokacin wannan sana'a, sai dai bushewar tana sa shi tsagewa, don haka a ɗan ƙara mai. Ya bushe, ki naɗe kowanne a leda ki rufe a roba mai murfi, nesa da banɗaki.

Maganar ƙamshi. Man da ake tatsa daga ganye ko fure, kamar na lafanda da na'ana'a, yana da ƙarfi fiye da yadda ƙanƙantar kwalbarsa ke nunawa. Ba ya narkewa a ruwa, yawo yake a sama, shi ya sa na ce ki fara surka shi da man kwakwa, kada ɗigo guda ya sauka a fatarki tsura. Ɗigo 15 zuwa 20 ya ishi awon nan gaba ɗaya. Man kirfa da na kanumfari ki bar su, ƙamshi gare su amma suna ƙona fata, ballantana a ruwan ɗumi. Na'ana'a ba ta dace da ƙananan yara ba. Mai juna biyu ta tuntuɓi likita tukuna, mai yawan fama da ƙaiƙayin gaba kuma kada ta zauna a cikin ruwan.

Man turaren humra yawancinsa haɗin masana'anta ne, wani ma don kaya da turaren wuta aka yi shi. Idan kin tabbata na jiki ne, ki surka ɗigo ɗaya da mai ki shafa a cikin dantsenki, ki jira kwana guda. Ba ja, ba ƙaiƙayi, to ki sa, amma kaɗan.

Batun bokiti kuwa, gaskiya an yi abin ne don masu kwanciya a kwamin wanka, babban dunƙule a bokiti asara ce. Ki yi ƙanana na farantin ƙanƙara. Ki gama cuɗa da sabulu ki ɗauraye, sannan ki jefa guda a ruwan ƙarshe. Inda ya fi burge ni shi ne jiƙa ƙafa: baho, ruwan ɗumi, minti 15, kaushi ya yi laushi a goge. Ki kula da santsi, don man yana kwanciya a tayil.

Ki sake gwadawa da rabin awon nan, a ranar da babu hadari, sannan ki rubuto mana yadda aka kwashe.