Yadda ake gano ciwon kuloci kafin a sauke giya

Kuloci yakan ɗauki makonni yana nuna alama kafin ya ajiye mutum a hanya. Duk direban da ke lodi daga Gusau zuwa Funtuwa ta Kwatarkwashi da Tsafe, ko ya yi Sakkwato ta Bunguɗu da Maru, ya san a 'yan shekarun nan akwai wuraren da ba wanda zai so motarsa ta tsaya masa. Kuma da yawa daga cikin matsalolin da ake sauke wa giyabos, ana biyan kuɗi mai yawa, da an natsu an gwada, da an gano su mota na tsaye a ƙofar gida.

Abu uku ne ke aiki tsakanin inji da giyabos. Akwai filet, farantin nan mai fata a fuska biyu. Akwai disk da ke matse shi a jikin fulawil. Sai boris, wanda ke danna disk ya saki duk lokacin da ka taka. Sauran duk 'yan aike ne masu kai saƙon ƙafarka, ko dai waya, ko man birki ta kulocin sama da na ƙasa.

Fara da 'yan aiken, don su suka fi araha. Kada ka tayar da mota. Sa hannu ka danna abin takawar a hankali. Ya kamata ya ɗan tafi kamar faɗin yatsa kafin ya yi nauyi. Yawancin Golf 3 da ke jigila a hanyoyinmu waya gare su. In ka ji tauri ko yana kakkarewa, a duba wayar, wataƙila ta fara tsinkewa zare-zare. A Hiace da Corolla kuwa mai ne ke aiki. Duba mazubin man ka ga ko ya ragu. Sannan ka durƙusa, ka haska tocila can ƙarƙashin sitiyari inda sandar abin takawar ta shige jikin mota. In ka ga danshi, ko kafet ya yi maiƙo, robar kulocin sama ta tafi. In giya ta ƙi shiga sai ka taka sau uku ko huɗu a jere, to iska ta shiga layin ko roba na yoyo. Wannan gyaran awa ɗaya ne, ba ruwansa da sauke giyabos.

Sai gwajin santsi, wanda shi ne ciwon da ya fi damun masu ɗora buhunan masara da dawa fiye da kima. Nemi fili inda ba yara ba dabbobi a gabanka. Ja birkin hannu sosai, ka tayar da mota, ka sa giya ta uku, ka ɗan ba ta wuta kaɗan, kana sakin kuloci sannu a hankali. Lafiyayyen kuloci zai kashe injin nan take. In ka ɗauke ƙafa gaba ɗaya inji bai mutu ba, filet na zamewa. Daƙiƙa biyu ko uku sun isa, kuma kada ka maimaita, domin gwajin kansa yana cin fata. A kan titi ma za ka gane. Kana giya ta huɗu a wajen gudun kilomita 50, ka taka totur, inji ya ɗaga murya amma mota ba ta ƙara sauri ba, can sai ƙauri ya shigo ta taga. Sau da yawa fatar ce ta cinye. Amma leƙa ƙasa, daidai inda inji ya haɗu da giyabos. In baƙin mai na ɗiga a wurin, sil ya fashe ya jiƙa filet, kuma ko sabo aka sa ba a canja sil ɗin ba, cikin 'yan watanni za a dawo gidan jiya.

Gwaji na uku shi ne inda aka fi cutar masu mota, shi ya sa nake so a kula da shi. Direba ya shigo gareji ya ce, "Oga, giya ba ta shiga," sai ka ji an yanke hukunci tun ba a taɓa motar ba: giyabos ya lalace. A dakata. Kashe inji, ka bi giyoyin ɗaya bayan ɗaya. In suna shiga sumul, amma da an tayar da mota sai su ƙi, giyabos ba shi da laifi, kuloci ne ba ya saki. Ribas ce ke saurin tona asiri, domin a yawancin tsofaffin motoci ba ta da zoben da ke daidaita gudun haƙora. Taka kuloci har ƙasa, ƙirga uku, ka sa ribas. In ta yi gurnani, filet na ci gaba da juyawa. In kuwa giya ɗaya ce tak ke kuka, misali ta biyu, ko kuma duk suna tauri ko da inji a kashe, to a duba sandunan giya da cikin giyabos. Da damina akwai wani abin: motar da ta ratsa ruwa aka ajiye ta kwanaki, filet na iya yin tsatsa ya manne da fulawil.

Saura kunne. Mota na firi, inji na aiki. Ƙarar da ke fitowa sai ka taka, boris ɗin kuloci ne. Wadda ke nan ƙafarka na sama, ta ɓace da ka taka, ta cikin giyabos ce. In kuma mota na karkarwa lokacin tashi, a fara duba robobin da ke riƙe da inji kafin a zargi filet.

Idan gwaji ya nuna dole a sauke, tsaya a wurin. Ka ga filet ɗin da idonka, ko fatar ta kai ga kawunan ƙusoshin da suka riƙe ta. Dubi fuskar fulawil ko ta yi tabo shuɗi-shuɗi na ƙuna, da yatsun disk ko sun cinye a baki. A ganina ganganci ne a canja filet kaɗai a bar tsohon boris, tunda kuɗin aiki ɗaya ne. Kada a bar yaran gareji su busa ƙurar da baki, tana illa ga huhu. A goge da tsumma mai laima.

Direbobinmu, ku daina ɗora ƙafa a kan kuloci kuna tafiya, ku daina riƙe mota da shi a kan tudu ko a shingen bincike, birkin hannu na nan. Wanda kuma motarsa ta fara ƙauri yau, ya kai ta gareji a cikin gari kafin ya sake yin lodin Tsafe.