DARASIN SAƘA: INA MUKA KAI DA HULUNA DA RIGUNAN SANYI?

A darasin wannan wata muna so kowace mace ta ɗauko saƙarta ta ajiye a kan cinya, mu duba tare inda aiki ya kai. Da yawa cikinmu mun fara hula ko rigar sanyi da zafi-zafi, kāna muka tura ta cikin kwando rabi da rabi. Hunturu kuwa ba ya jiran kowa. Yakan shigo wajen ƙarshen Nuwamba, ya yi ƙarfi a Disamba da Janairu. A wurare masu tudu kamar Jos da Mambila ɗarin dare ya fi tsanani. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Dalilin da ya sa muka damu

Babban mutum yana iya jan bargo ko ya matsa kusa da wuta. Jariri ba ya iyawa. Kansa babba ne bisa ga girman jikinsa, ga shi ba shi da kitse da yawa, don haka ɗumin jikinsa yakan fita da sauri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce zafin jikin sabon jariri ya kamata ya tsaya tsakanin digiri 36.5 da 37.5 a ma'aunin Salsiyas. In ya sauka ƙasa da 36.5, sanyi ya kama shi ke nan. Jaririn da bai kai kilo biyu da rabi ba, da bakwaini, su ne suka fi shiga haɗari.

A shekarar 1978 likitoci a birnin Bogota na ƙasar Kolombiya suka fara goya irin waɗannan jarirai a ƙirjin uwa, fata da fata, domin akwatunan ɗumama jarirai ba su isa ba. Jaririn yana sanye da hula da ɗan ƙyallen tsuguno, a rufe shi da zanen uwa. Dabarar ta bazu ko'ina, har a 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a fara ta nan da nan bayan haihuwa. Kun ga 'yar hular da muke saƙawa tana da aiki babba.

Mu san zarenmu

Muna kiran zaren saƙa ulu, amma yawancin wanda ake sayarwa a kasuwanninmu na roba ne, watau akirilik, ba gashin tunkiya ba. Tumakinmu na gida, Yankasa da Uda da Balami, gashinsu gajere ne, ba a kaɗa shi ya zama ulu. Ga yadda za ku gane: ku yanki ɗan guntun zare ku kai shi bakin wutar ashana. Ulu na gaske yana warin ƙonannen gashi, ya bar toka mai murmushewa, wutar kuwa takan mutu da kanta. Na roba yana ci da sauri, ya narke, ya bar baƙin dunƙule mai tauri. Saboda haka yaron da ke sanye da rigar zaren roba kada a bar shi ya matsa bakin wuta yana jin ɗumi, gama in ta kama, narkewa za ta yi ta manne a fata.

A jikin takardar da ke naɗe da zare sau da yawa akwai lambar launi da lambar rini. Dunƙule biyu masu launi ɗaya amma rini dabam sukan bambanta kaɗan, sai an gama riga a ga layi a tsakiyarta. Ku sayi zaren da zai ishe ku gaba ɗaya, ku kuma adana takardar.

Gwaji kafin aiki

Kowane madauki da ke kan kibiya za mu kira shi ido a wannan darasi. Hannun kowace mace dabam yake. Wata tana matse zare, wata tana sakinsa. Shi ya sa mata biyu sukan bi lissafi ɗaya, hular ɗaya ta shiga kan jariri, ta ɗaya kuwa ta rufe masa fuska.

Maganin wannan shi ne ɗan gwaji. Ku ɗora ido 30, ku saƙa har tsawon ya kai santimita 12. Ku shimfiɗa shi a kan tabarma ba tare da kun ja shi ba, ku ɗora tef ɗin awo a tsakiya, ku ƙirga idon da ke cikin santimita 10, watau wajen inci 4. Da zare matsakaici da kibiya mai kaurin milimita 4, wadda tsofaffin takardun Ingila ke kira lamba 8, akan sami ido 22. In kun sami fiye da haka, hannunku ya matse, sai ku ɗauki kibiya mai ɗan kauri. In kun sami ƙasa da haka, ku ɗauki siririya.

Kada mu raina ido biyu. Rigar babban mutum mai kewayen santimita 100 tana bukatar ido 220 in ana samun 22. In mai saƙa tana samun 20, waɗannan ido 220 za su ba ta santimita 110. Rigar ta yi yawa, zaren kuma ya ƙare tun ba a kai hannu ba.

Hular sabon jariri

Kan sabon jariri yana da kewaye wajen santimita 34. Saƙa tana talewa, don haka muna yin hular ta gaza kan kaɗan, wajen santimita 30. In kuna samun ido 22 a santimita 10, ga yadda za ku yi:

1. Ku ɗora ido 66. Na farko da na ƙarshe na ɗinki ne, saura 64 su ne jikin hula.
2. Ku saƙa bakin hula, ido ɗaya gaba ɗaya baya, har santimita 3. Wannan shi ke kama kai.
3. Ku ci gaba da layi ɗaya gaba, layi ɗaya baya, har tsawon duka ya kai santimita 9.
4. Yanzu sai ragewa. Bayan idon ɗinki, ku saƙa ido 6, ku haɗa biyu su zama ɗaya. Ku maimaita sau 8 har ƙarshen layi. Jikin hula ya koma 56. Ku dawo da layin baya ba ragi.
5. A layi na gaba ku saƙa 5 ku haɗa biyu, sa'an nan 4, da 3, da 2, da 1, kullum da layin baya a tsakani. A ƙarshe ku haɗa biyu-biyu. Ido 8 za su rage, da na ɗinki 2.
6. Ku yanke zare da tsawo, ku zura shi cikin idon da suka rage da allura, ku ja ya tsuke, ku ɗinke gefen da shi.

Dunƙule mai giram 50 ya ishi wannan hula har da saura. Kada ku sa mata igiyar ɗaurewa a wuya, ko maɓalli, ko duwatsun ado da jariri zai iya haɗiyewa. In ɗaki da ɗumi, jariri kuwa yana gumi, a cire masa hular, musamman lokacin barci.

Lissafin kwanaki

Abin da ya fi kashe saƙa shi ne rashin lissafi. Mu ɗauki rigar yaro ɗan shekara biyu. Bayanta yana da faɗin santimita 30, watau ido 66, da tsawo wajen santimita 33. In ana samun layi 30 a santimita 10, wajen layi 100 ke nan. Macen da take saƙa layi 10 kowace rana za ta gama baya cikin kwana 10, gaba ma kwana 10. Hannuwa biyu za su ci wajen kwana 12, ɗinki da wuya kwana 3. Duka kwana 35, mako biyar.

Wadda take so yaronta ya sa riga a farkon Disamba, lalle ta fara kafin ƙarshen Oktoba. Amma duk mun sani lokacin kaka ne, ga cirar gyaɗa, ga roron wake, ga girbin dawa yana tafe. Hannun da ya wuni a gona ba ya saƙa layi 10 da dare. Gara a fara tun Agusta, a ranakun da ruwan sama ya hana fita.

Ku ajiye ɗan littafi, kowace yamma ku rubuta layin da kuka tsaya. Wadda ba ta rubutu ta jefa tsakuwa ɗaya cikin gwangwani a kan kowane layi. Ku lura kuma da zaren da baya ya ci. Gaba zai ci kamar haka, hannuwa biyu tare kuma za su ci kusan haka ko fiye kaɗan. In baya ya ci dunƙule ɗaya, ku tabbata kuna da uku da rabi tun daga fari. In kun ga ba zai isa ba, ku yi hannuwa da wani launi, ko ku bar ta singileti marar hannu. Ita ma tana rufe ƙirji.

Gyaran kuskure

In ido ya zame ya gangara, kada ku warware aikin duka. Ku soke shi da fil kada ya ƙara sauka, sa'an nan ku jawo shi sama da kwarashi, zare ɗaya bayan ɗaya. Kada ku ajiye saƙa a tsakiyar layi, gama a nan ne akan juya baya a bar rami. Ku ƙirga idonku bayan kowane layi 10. Kuskuren da aka gani yau layi 10 za a warware, wanda aka gani bayan mako kuwa rabin riga ne.

In zare ya yi tsada, a nemi tsohuwar rigar sanyi ta gwanjo wadda aka ɗinke gefenta ba tare da an yanke saƙar ba. A farke ɗinkin, a warware daga sama, a naɗe zaren a bayan kujera, a wanke shi, a rataye a inuwa ya miƙe.

Bayan an gama, a wanke da ruwa mai ɗan ɗumi, a matse a hankali ba murɗewa, a shimfiɗa a inuwa. In an rataye ta a igiya da ruwa a jikinta za ta yi tsawo ta lalace.

Tambayoyi domin taronku

1. Mata nawa ne a unguwarku za su haihu tsakanin Nuwamba da Fabrairu? Akwai hula domin kowane jariri?
2. Kowace mace ta auna saƙarta. Ido nawa take samu a santimita 10?
3. Saƙa nawa ce ke kwance a kwanduna ba a gama ba? Wa za ta taimaki wa?

A taro mai zuwa kowace ta zo da saƙarta, da tef ɗin awo, da ɗan gwajinta, ko da layi biyar kaɗai ta yi. Wadda ta ƙware ta zauna kusa da mai koyo.