DARASI: WANDA YA CI DA WAƊANDA AKA CINYE

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ƴan'uwa Musulmi, darasinmu na wannan fitowa a kan caca yake, kuma za mu fara da wani labari na ƙasar Amurka.

A shekara ta 2003 wani akanta mai suna Chris Moneymaker, mutumin jihar Tenesi, wanda karta ba sana'arsa ba ce, ya samu shiga babbar gasar karta ta duniya, irin kartar da ake kira poka, a birnin Las Begas. Kujera ɗaya dalar Amurka 10,000 ce, amma shi ta intanet ya ci tasa da ɗan kuɗi kaɗan. Cikin mutum 839 shi ya zo na ɗaya, ya kwashi dala miliyan biyu da rabi. Daga baya ya bar aikinsa, kamfanin cacar da ya shiga ta hannunsa ya riƙa talla da shi.

To, mu yi tambaya: daga ina kuɗin nan suka fito? Ba noma aka yi ba, ba fatauci ba. Daga aljihun waɗanda aka cinye suka fito. Kuma da labarinsa ya bazu, kowa ya ce shi ma zai iya, har masu shiga gasar suka kai 8,773 a 2006. Mai nasara ɗaya ake nuna wa duniya, ba a nuna dubban da suka koma gida hannu rabbana.

Wannan tarkon ne aka ɗana mana a Tasawa da Mayahi da ƙauyukansu. Da kaka magidanci zai sayar da gero da wake, ya zauna gindin karta, matashi kuma ya zuba kuɗinsa a cacar ƙwallo ta waya. Kafin damina rumbu ya yi wayam, iyali na kuka, abokai sun zama abokan gaba.

Allah Ya haramta caca a Suratul Ma'ida, aya ta 90 da 91, Ya haɗa ta da giya, Ya bayyana cewa tana haddasa gaba, tana shagaltarwa daga salla. Saboda haka ko wanda ya ci, haram ya ci.

Wajibinmu ne mu tsawata wa ƴaƴanmu, mu yi wa wanda ya faɗa ciki nasiha a asirce, mu taimaka masa da jari ko sana'a. Allah Ya wadata mu da halal, Ya tsare mu daga haram. Amin.