Sana'ar Feƙe Ƙarfe da Inji: Karatun Shekara Biyu

Duk mai injin niƙa ko babur ya san cewa idan awon fistin ya kuce ko da ƙiris, inji ba zai yi aiki daidai ba. Masu ƙera irin waɗannan sassa sukan raba milimita ɗaya kashi 100 wajen awo. Silin gashin kai ma ya fi kashi ɗayan kauri.

Ana koyon sana'ar cikin shekara biyu bayan sakandare. A Najeriya difloma ce ta ND, a Nijar, Kamaru da Chadi kuwa BTS. Ɗalibi zai koyi karanta zanen kayan inji, da feƙe ƙarfe, da sarrafa injin CNC mai bin umarnin kwamfuta. Lissafi ya fi ƙarfin damtse amfani a nan, don haka iyaye, kada ku ware 'yan mata.

Wanda takardar sakandarensa ta salwanta a hanya ya sanar da ofishin ilimi na sansani tun yanzu, domin sake samunta yakan ɗauki lokaci. Tallafin DAFI, wanda Jamus ta fara a 1992 ta hannun UNHCR, yana ɗaukar nauyin karatun gaba da sakandare, amma gurabensa kaɗan ne, kuma sai mai takardar shaidar gudun hijira.