Katanga ko Shinge? Darasi a Kan Shingen Ƙarfe na Ado

A wannan ɗan rubutu za mu duba sunan wani abu da muke wucewa kullum a unguwanninmu, wato ƙarafan nan masu ado da ake kewaye gida da su, sannan mu ga abin da mai gida zai lura da shi kafin ya ba mai walda kuɗinsa.

Bahaushe yana da kalmomi da dama na kewaye wuri, kuma kowace da kayan da ake yin ta. Katanga ta ƙasa ce ko ta bulo. Danga da darni na kara ne. Zana kuwa ciyawa ce ake saƙawa. Shinge an fi sanin sa a gona ko lambu, na ƙaya ko na itace. Ganuwa ta gari ce, kamar ta Kano da ta Zariya. To, wanne ya dace da na ƙarfe? A ganina "shingen ƙarfe" ya fi, domin katanga tana tare ido, shinge kuwa ƙafa kawai yake tarewa. Ɗalibi ya lura da mahaɗi a nan: shinge namiji ne, sai mu ce shingen ƙarfe, katanga mace ce, sai mu ce katangar bulo.

Wannan bambanci ba na nahawu kaɗai ba ne. Gidan Bahaushe yana son sutura, ba ya so mai wucewa ya hango tsakar gida. Shi ya sa da yawa suke ɗaga bulo zuwa wani tsayi, sannan su ɗora ƙarfen a sama. Iska ta shiga, ido bai shiga ba.

Wajen zaɓe, abin da ya fi ruɗar mutane shi ne ado. Mai walda zai nuna maka hotuna, wannan mai fure, wancan mai bakin mashi, wani ma da dagin Arewa a tsakiya. Kada ka tsaya nan, don wani kyan ɗan maciji ne. Ka nemi a nuna maka guntun ƙarfen da za a yi aikin da shi, ka duba kaurinsa, ka ɗaga ka ji nauyi. Bututu maras kauri ya fi sauƙin kuɗi, amma araha ba ta ado.

Babban abokin gabar baƙin ƙarfe tsatsa ce, musamman a nan Kudu inda damina take da tsawo, balle Legas mai iskar teku da gishiri. Ƙarfen da aka yi wa rufin tutiya ya fi jurewa. Idan ba shi ba ne, a fara shafa jan fentin nan mai hana tsatsa kafin fentin ado, kuma a kula da bakin walda da gindin da ya shiga siminti, don a nan ruwa yake kwanciya.

Sai tazarar sanduna. Kada ta wuce santimita 10 idan akwai yara a gida, domin yaro yana iya cusa kai ya kasa fitarwa.

Aiki: ka yi jimla ɗaya da kowace daga cikin waɗannan kalmomi, tare da mahaɗin da ya dace: danga, darni, zana, ganuwa.